Tasirin Naɗe Layuka a Jadawalin Tarihin Fataucin Gwanja

Gabatarwa

Ɗalibin da ke tattara bayanai a jadawalin kwamfuta yakan haɗa layuka masu dangantaka a rukuni guda, ya naɗe su, sai kanun rukunin kaɗai ya rage a fili. Manhajar Excel ta zo da wannan dabara tun 1990. Tana rage tsawon shafi, amma tana ɓoye abin da ke ƙasa. Tarihin Salaga da Yendi da Bawku ya nuna irin hasarar da manazarci kan yi idan ya amince da kanun rukuni bai buɗe shi ba.

Hanya Ɗaya, Rukuni Biyu

A ƙarni na 19 Salaga ce babbar kasuwar goro a ƙasar Gwanja. Fatake daga Kano da Katsina kan kawo tufafi da kanwa da fatu, su sayi goron Asante, su koma gida ta Yendi da Sansanne Mango. Wata hanyar kuma ta nufi arewa ta Gambaga da Bawku zuwa ƙasar Mosi. A zangunan waɗannan garuruwa Hausa ce harshen ciniki.

A 1888 Ingila da Jamus suka ware yankin Salaga da Yendi a matsayin ƙasar da babu mai mallaka a cikinsu. A 1896 sojojin Jamus suka ci Dagomba da yaƙi a Adibo, kusa da Yendi. Yarjejeniyar 1899 kuwa ta raba yankin: Salaga ta faɗa hannun Ingila, Yendi ta shiga Togo ta Jamus. Bawku ta zauna a ɓangaren Ingila, iyaka ta ratsa ta gabas da ita.

Duk wanda ya tsara jadawalinsa bisa wannan rabo zai sami rukuni biyu, na Ingila da na Jamus. Da zarar ya naɗe su, hanyar fatake ta ɓace masa, domin Salaga na ƙarƙashin wannan, Yendi na ƙarƙashin wancan.

Misalin Alhaji Umaru

An haifi Alhaji Umaru a Kano a 1858. Ya zauna a Salaga, sannan bayan yaƙin basasar 1892, wanda ya tarwatsa 'yan kasuwar garin, ya koma Kete-Krachi. A nan ya yi aiki da Bajamushe Adam Mischlich, ya rubuta masa bayanai da ajami a kan tarihi da al'adun Hausawa. A nan ya rasu a 1934, garin yana hannun Ingila. To, a wane rukuni za a sa shi? Idan aka bi kanun mulkin mallaka, rayuwar malami guda za ta rarrabu gida-gida, alhali alƙalaminsa bai sauya ba.

Rabon kansa bai daɗe ba. Ingila ta karɓe Yendi a 1914, sannan ƙuri'ar raba-gardama ta 1956 ta haɗa Togo ta Ingila da ƙasar da ta zama Ghana a 1957. Iyakar ta gushe, zangunan suna nan.

Yadda Ake Warware Rukuni

A gefen hagu na jadawali akwai alamar tarawa da ta ɗebewa, da lambobi 1, 2, 3 a kusurwar sama. Da farko a danna lamba mafi girma don duk layuka su bayyana. Sai a zaɓi layukan, a danna Shift da Alt da kibiyar hagu tare. Haka ake yi wa ginshiƙai, sai dai alamominsu a sama suke. Bin wannan jeri wajibi ne, domin idan aka cire rukuni yana naɗe, layukan kan ci gaba da zama a ɓoye, ga shi alamar buɗe su ta tafi. Sai an sake bi an fito da su.

Kammalawa

Cire rukuni ba ya goge ko harafi ɗaya daga bayanai. Saboda haka ɗalibi ya ba kowane gari layinsa, mai mulki kuwa ya sa shi a ginshiƙi tare da shekarunsa. Ta haka Yendi za ta tsaya kusa da Salaga, yadda madugai suka san ta.