Abin da za a yi idan faifan ajiya na waje ya ƙi buɗewa

Faifan ajiya na waje, wanda ake kira « disque dur externe » da Faransanci, yana da tsarin da ke lissafa inda kowane fayil yake, kamar NTFS, exFAT ko FAT32. Idan tsarin ya samu matsala, sau da yawa fayilolin suna nan daram, lissafin ne ya rikice. Abin da ya fi jawo haka shi ne zare igiyar USB ana tsakiyar kwafe abu, ko wuta ta ɗauke a daidai wannan lokaci.

Alamar da ta fi tayar da hankali ita ce Windows ta nemi a yi wa faifan formatage kafin ya buɗe. Kada a amince. Yin haka yana share lissafin, ceto fayilolin kuma sai ya ƙara wuya.

Da farko a canza igiya da mashigar USB, a kuma gwada wata kwamfuta, domin wani lokaci laifin igiya ne kawai. Sannan a saurari faifan. Idan yana ƙas-ƙas ba tsayawa, inji ne ya lalace a ciki. A cire shi nan take a kai wa gwani, domin duk wani gwaji zai iya ƙara ɓarna.

Idan faifan yana buɗewa, a fara kwashe muhimman fayiloli zuwa wani wuri. Bayan nan a buɗe « Invite de commandes » a matsayin administrateur, a rubuta chkdsk E: /f, a sa harafin faifan a madadin E. Umarnin /r yana neman gurabun da suka mutu a jikin faifan, amma yana iya cin sa'o'i da yawa, kuma yana wahalar da faifan da ya riga ya gaji.

Chkdsk ba ya aiki a kan faifan da « Gestion des disques » ke nunawa a matsayin RAW. A nan ne TestDisk, manhajar kyauta ta Bafaranshe Christophe Grenier, ke da amfani, domin tana iya dawo da rabon faifan da ya ɓace. Abokiyar tafiyarta PhotoRec tana zaƙulo hotuna da takardu, sai dai ba da sunayensu na asali ba. Duk abin da aka ceto a ajiye shi a wani faifai dabam, ba a kan wanda ya lalace ba.