Tsakanin Yunwa da Annoba: Waiwaye Kan Kullen Kano na Shekarar 2020

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Daga cikin al'amuran da suka faru a idonmu, mu da neman abinci ya fito da mu daga gida ya zaunar da mu a birane, ƙalilan ne suka girgiza mu kamar makonni 11 da birnin Kano ya yi a kulle, daga daren Alhamis 16 ga Afrilu zuwa 2 ga Yuli, 2020. Wanda ke zaune a Kano ya ɗanɗana da kansa. Wanda ke Kaduna ko Abuja ko Legas ya ji a jikinsa, domin kuwa ko dai yana da ɗan'uwa a can, ko kuma kayan shagonsa daga can suke fitowa. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin muhawarar da aka tabka a lokacin, wato a buɗe gari ko a ci gaba da kulle, tare da duba hujjojin kowane ɓangare da kuma abin da ya hana a gamsar da juna.

Annoba ba baƙuwa ba ce

Kafin korona, ƙasar Hausa ta sha ganin annoba. A watan Satumba na 1918 murar nan da kakanninmu suka kira marisuwa ta sauka a Legas ta jirgin ruwa, sa'an nan ta biyo hanyar jirgin ƙasa, wadda ta iso Kano a 1911, ta watsu cikin birni da ƙauye. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa ta hallaka kimanin mutum 500,000 a Nijeriya, a lokacin da jama'ar ƙasar ba su wuce miliyan 18 ba. Haka kuma a 1996 sanƙarau ya yi mummunar ɓarna a Arewa. A cikin wannan annoba ce kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, a wani gwaji da ya shafi yara kimanin 200, inda 11 daga cikinsu suka rasu, lamarin da ya kai ga shari'a da sasantawa a 2009. Tabon wannan al'amari yana daga cikin abin da ya rura wutar ƙin allurar shan-inna a 2003. Saboda haka, a lokacin da korona ta zo, ta tarar da jama'ar da ke da dalilinta na yin ɗari-ɗari da duk wata sanarwar lafiya da ta fito daga sama.

Yadda aka rufe gari

An tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da cutar a Nijeriya ranar 27 ga Fabrairu, 2020, wani ɗan Italiya da ya sauka a Legas. Daga 30 ga Maris Shugaba Muhammadu Buhari ya kulle Legas da Ogun da Abuja. A wancan lokaci da yawa daga cikinmu sun ɗauka ciwo ne na masu hawa jirgin sama, musamman da aka ji cewa ya kama Gwamnan Kaduna, Malam Nasiru El-Rufa'i, da Shugaban Ma'aikatan Fadar Shugaban Ƙasa, Malam Abba Kyari, wanda ya rasu ranar 17 ga Afrilu. Har ma akwai matasan da suka mai da "babu korona" abin rerawa a kan titi.

Ranar 11 ga Afrilu aka sami mutum na farko a Kano. Bayan kwana biyar Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya kafa dokar zaman gida ta mako guda. Aka rufe Kantin Kwari da Sabon Gari da Singa da Kurmi, aka dakatar da sallar Juma'a, aka kafa kotunan tafi-da-gidanka domin hukunta masu karya doka. Bayan mako guda da kwana ɗaya, wato ranar Juma'a 24 ga Afrilu, aka ɗauki azumin Ramadan, jama'a na cikin gida, kasuwa na rufe.

Maƙabartu sun riga alƙaluma magana

A daidai wannan lokaci ne masu haƙar kabari suka fara shaida wa manema labarai cewa gawarwakin da ake kawowa sun ninka abin da suka saba gani, kuma akasarinsu dattawa ne. A cikin 'yan makonni Kano ta yi rashin manyan mutane, cikinsu har da Farfesa Ibrahim Ayagi, da Farfesa Balarabe Maikaba na Jami'ar Bayero, da Mai Martaba Sarkin Rano Alhaji Tafida Abubakar Ila, wanda ya rasu ranar 2 ga Mayu. Da farko gwamnatin jiha ta danganta yawan mace-macen da hawan jini da ciwon sukari da sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro.

Abin takaici shi ne, a cikin waɗannan kwanaki ne ɗakin gwaji guda ɗaya tilo da ke jihar, na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ya dakatar da aiki na 'yan kwanaki. Ke nan a lokacin da aka fi bukatar sanin gaskiyar lamari, a lokacin ne idon hukuma ya rufe. Alƙaluman da Hukumar NCDC ke fitarwa kowane dare suna ƙidaya waɗanda aka gwada ne kawai, alhali kuwa mamatanmu ana yi musu sutura cikin sa'o'i kaɗan kamar yadda addini ya tanada, ba tare da gwaji ko takardar shaidar mutuwa ba. Bugu da ƙari, likitoci da ma'aikatan jinya da dama sun kamu, asibitoci masu zaman kansu da yawa sun rufe ko sun rage karɓar marasa lafiya, ta yadda mai hawan jini ko mai ciwon sukari ya rasa inda zai nufa. Ta haka annobar ta kashe wasu kai tsaye, ta kuma kashe wasu ta hanyar toshe musu ƙofar asibiti.

Ranar 27 ga Afrilu Shugaban Ƙasa ya sanar da sassauta kullen Legas da Ogun da Abuja daga 4 ga Mayu, amma ya ɗora wa Kano cikakken kulle na mako biyu, wanda aka sake tsawaitawa ranar 18 ga Mayu. Daga nan muhawara ta kankama.

Hujjar masu cewa a buɗe

Masu neman a buɗe gari ba jahilai ba ne, kuma ba masu raina rai ba ne. Hujjarsu ita ce Kano gari ne na hannu baka hannu ƙwarya. Direban adaidaita sahu sai ya fita zai biya balas ya kai cefane. Ɗan dako a Singa, da mai shayi a bakin tasha, da ɗan ga-ruwa, da mai gyaran waya a Farm Centre, duk abincin daren yau daga cinikin yau yake fitowa. Tela kuwa, wanda ribar shekararsa take cikin ɗinkin sallah, yana zaune yana kallon keke. Malaman makarantu masu zaman kansu sun yi watanni babu albashi, domin iyaye ba sa biyan kuɗin makarantar da ke rufe. Dokar zaman gida an tsara ta ne bisa misalin ƙasashen da ma'aikaci ke da albashi da firji da ruwan famfo, ba gidan haya mai ɗaki ɗaya da mutum takwas a ciki ba.

Alƙaluma sun goyi bayan wannan koke. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar ta wayar tarho a watannin Afrilu da Mayu ya nuna cewa kashi 42 cikin 100 na waɗanda ke aiki kafin ɓullar cutar sun daina aiki saboda ita, kuma kashi 79 cikin 100 na gidaje sun ce abin da ke shigo musu ya ragu. Tattalin arzikin ƙasa ya tsuke da kashi 6.1 cikin 100 a rubu'i na biyu na shekarar, rashin aikin yi ya kai kashi 27.1 cikin 100, sa'an nan ya haura zuwa 33.3 a ƙarshen shekara. Farashin ɗanyen mai ya faɗi ƙasa da dala 20, don haka ita kanta gwamnatin da ake kallo ta ciyar da jama'a aljihunta ya yi rauni. Har ila yau, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta bayar da rahoton cewa a makonni biyu na farkon kulle jami'an tsaro sun kashe mutum 18 a sassan ƙasar nan, adadin da ya zarce na waɗanda cutar ta kashe a hukumance a wancan lokaci.

Tallafin abinci ya zo daga gwamnati da attajirai da gamayyar CACOVID, amma bai kai ko'ina ba idan aka kwatanta da yawan mabukata. Da aka fasa rumbunan ajiya a Legas da Jos da Kaduna a watan Oktoba aka ga buhunan tallafi jibge, zargin da talaka ya daɗe yana yi ya ƙara ƙarfi.

Hujjar masu cewa a ci gaba da kulle

A ɗaya ɓangaren kuma akwai likitoci da masana lafiyar al'umma, waɗanda ke cewa wanda ya yi asarar jari zai iya mayarwa, amma wanda aka kai maƙabarta ba ya dawowa. Sun yi nuni da cunkoson unguwannin cikin birni, da ƙarancin gadaje da iskar numfashi, da kuma cewa dattawan da cutar ta fi kashewa su ne ginshiƙan gidaje. Sun kuma kafa hujja da almajiran da gwamnonin Arewa suka yi ta mayarwa jihohinsu na asali, inda aka gwada waɗanda aka kai Kaduna da Jigawa daga Kano aka sami da yawa ɗauke da cutar. Wannan ya nuna cewa ta riga ta bazu a gari fiye da abin da alƙaluman hukuma ke nunawa.

Gwamnatin jiha ta tsinci kanta a halin gaba kura baya sayaki. Mafitar da ta zaɓa ita ce sassauci na wasu ranaku. Daga farkon Mayu aka ba da damar fita ranakun Litinin da Alhamis daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, daga bisani aka koma Lahadi da Laraba da Juma'a. Sai dai wannan tsari ya tara cefanen mako guda cikin 'yan sa'o'i, ta yadda cunkoson da aka rufe gari dominsa ya dawo a ninke a wuraren da aka buɗe. Da sallah ta matso, gwamnati ta amince a yi Juma'a ranar 22 ga Mayu da Idi ranar 24 ga wata, amma aka soke hawan sallah. Abin lura a nan shi ne, Majalisar Malamai ta jihar tana cikin waɗanda suka nuna rashin gamsuwa da wannan sassauci. Ashe ba gaskiya ba ne a ce rigimar tsakanin malaman addini da likitoci take, domin kowane ɓangare akwai mai rawani, akwai mai farar riga.

Abin da bincike ya nuna

A watan Yuni Ministan Lafiya, Dokta Osagie Ehanire, ya bayyana sakamakon binciken da aka yi ta hanyar tambayar iyalan mamata. An ƙidaya mutum 979 da suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, inda mace-mace suka kai 43 a rana a cikin Afrilu, kafin su dawo 11 a rana a farkon Mayu. Binciken ya danganta kashi 50 zuwa 60 cikin 100 da korona, kuma akasarin mamatan sun haura shekara 65. Kwamitin gwamnatin jiha kuwa ya fitar da kaso da bai kai ɗaya cikin biyar ba.

Idan muka yi wa waɗannan alƙaluma karatun natsuwa, za mu ga wani abu mai ɗaure kai. Guguwar mutuwa ta kai ƙololuwarta a cikin Afrilu, ta kuma lafa a farkon Mayu, wato cutar ta riga ta ratsa gari kafin a rufe shi, sa'an nan aka ci gaba da kulle har wata biyu bayan maƙabartu sun sarara. Masu goyon bayan kulle na iya cewa shi ne ya hana ta sake tashi, masu adawa kuma su ce an rufe ƙofa bayan ɓarawo ya shiga. Amma dukansu a cikin duhu suka yi gardama, domin babu rajistar mace-mace da za ta nuna hawa da saukar annobar a kan lokaci. Sai daga baya aka ƙara ɗakunan gwaji, ciki har da wanda Gidauniyar Ɗangote ta samar a watan Mayu.

An ɗage haramcin tafiya tsakanin jihohi ranar 1 ga Yuli, aka ɗage kullen Kano washegari, jiragen sama suka dawo ranar 11 ga wata, makarantu kuma sai a Oktoba. Da cutar ta sake tasowa a Disamba 2020 da Janairu 2021, ba a sake kulle garin ba. Allurar rigakafi ta iso ƙasar nan ranar 2 ga Maris, 2021, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin gaggawa ranar 5 ga Mayu, 2023.

Kammalawa

Ya ku 'yan'uwa, darasin da ke cikin wannan tarihi ya shafe mu kai tsaye. Mun ga cewa dokar da ba ta zo da abinci ba ba ta daɗewa, kuma shawarar da ba ta tsaya a kan ƙidaya ba tana zama gardamar son rai. Mun kuma ga yadda igiyar da ta haɗa birni da gida take. A shekarun lafiya mu ne muke aikawa da kuɗi, amma a watannin kulle aiken ya tsaya, har gidaje da yawa a birni suka koma dogaro da buhun gero ko masara da aka samu aka turo daga ƙauye. Wanda ya yanke zumunci da gida ya fi kowa shan wuya.

Saboda haka, tun ana zaune lafiya ya kamata mu saba da rubuta haihuwa da rasuwa a wurin masu unguwanni da maƙabartunmu, mu riƙa ajiye hatsi da asusun ko-ta-kwana, mu kuma san likitocinmu da ma'aikatan jinyarmu waɗanda jama'a za su yarda da maganarsu ranar da jita-jita ta yi yawa. Tsakanin marisuwa da korona shekara 102 ne, amma babu wanda ya yi mana alkawarin cewa ta gaba za ta jira haka. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafificin alheri, Ya kuma kare garuruwanmu daga annoba da yunwa, amin.