Tarihin Jirgin King Air da Lambar 5N da Ke Jikin Jiragenmu

Mu da ke Keffi, maƙwabtan Abuja, ba baƙi ba ne ga ƙarar jirgin sama. Yau za mu waiwayi tarihin wani ƙaramin jirgi mai farfela biyu da gwamnatoci da attajirai ke hawa, wato King Air, da ma'anar lambar da ke jikinsa.

Kamfanin Beechcraft da ke Wichita a jihar Kansas ta Amurka ne ya fito da shi a 1964, shekarar da aka kafa Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya. Injinansa biyu ƙirar PT6 ne na kamfanin Pratt & Whitney na Kanada. Bai kai jet gudu ba, amma bai kai shi shan mai ba, kuma yana iya sauka a gajeren titi. Wannan ne ya sa ya karɓu a ƙasashe irin namu.

Yarjejeniyar Chicago ta 1944 ta wajabta wa jirgin farar hula da ke tsallaka iyaka ya ɗauki alamar ƙasar da aka yi masa rajista. A zamanin Turawa jiragenmu da VR-N suke farawa. Bayan samun 'yancin kai a 1960 aka koma 5N. Nijar na da 5U, Ghana 9G, Amurka kuwa N. Hukumar NCAA ce ke riƙe da kundin rajistar a Najeriya. Ƙasar da lambarta ke jikin jirgi ita ke da alhakin tabbatar da lafiyarsa. Jiragen soja ba sa cikin wannan kundi, na sojan sama lambar NAF suke ɗauka.

A 2021 sunan King Air ya shiga bakin jama'a cikin alhini. Ranar 21 ga Fabrairu, NAF 201 ya tashi daga Abuja zuwa Minna, lokacin da ake neman ɗaliban Kagara da aka sace. Matuƙin ya ba da rahoton matsalar inji, ya juyo, jirgin ya faɗi kafin ya kai titin sauka. Mutum 7 suka rasu. Bayan wata 3, ranar 21 ga Mayu, NAF 203 ya faɗi kusa da filin jirgin Kaduna, inda Babban Hafsan Sojan Ƙasa, Laftanar Janar Ibrahim Attahiru, ya rasu tare da mutum 10.

A shekarar ce kuma Hukumar Kwastam ta kira masu jiragen ƙashin kansu su kawo takardu, domin da yawa a nan suke zaune amma lambar ƙasar waje suke ɗauke da ita, ba a biya musu kuɗin fito ba. Wannan asara ce ga baitulmalin da ake gina mana asibitoci da makarantu da shi.

Tunda jiharmu ta samu filin jirgi a Lafia a 2022, lamarin ya matso kusa da mu. Idan an ce an sayi jirgi ko an yi hayarsa da dukiyar jama'a, haƙƙinmu ne mu tambayi lambarsa, mai shi, da wanda ke duba lafiyarsa. Matasanmu kuma ga ƙofar Zariya nan, a nemi ilimin tuƙi da gyaran jirgi.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kiyaye matafiyanmu, amin.