Wai Kare Ba Ya Jin Zafi? Asalin Wata Magana Daga Dajin Farauta

Yau zan ɗauko wata magana da duk wanda ya tashi a Ƙaura Namoda, Shinkafi ko Zurmi ya taɓa ji a bakin manya: wai karen farauta ba ya jin zafi.

To daga ina ta fito? Tun kafin jirgin ƙasa ya iso Ƙaura a 1929, farautar rani babban al'amari ce a yankin nan. Da an kawar da amfanin gona, sai mafarauta da 'yan tauri su yi gangami su nausa daji da karnukansu. Karen da ake yabo shi ne wanda ƙaya za ta soke shi, gyado ya yage shi, amma bai saki sawu ba. Mai raki kuwa ba wanda ke neman 'ya'yansa. A haka aka riƙa zaɓar masu dauriya, har aka ɗauka dauriyar rashin jin zafi ce, ana yanke wa kwikwiyo kunne ana cewa ai ba ya ji.

Ba mu kaɗai muka yi wannan tunanin ba. A ƙarni na 17, masanin Faransa Dekart ya ɗauki dabbobi tamkar inji. Yau likitocin dabbobi sun tabbatar kare yana jin zafi sarai, ɓoyewa kawai yake yi. Mu kuwa tun a makarantar zaure mun ji hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa.

Me ya sa nake tada zancen yanzu? Tun wajen 2011 da 'yan bindiga suka fara mamaye dazuzzuka irin su Dumburum da Sububu, farauta ta ja baya, karnuka suka koma yawo cikin gari, yaranmu na jifansu. Kare mai ciwo shi ne mai saurin cizo. In kuma karen da aka sani da sanyin hali ya canza farat ɗaya, a yi hattara da ciwon haukan kare, wanda ke kashe kimanin mutum 59,000 duk shekara a duniya.

Don haka matasa, mu hana ƙannenmu jifan kare, mu kai namu a yi musu rigakafi. In an ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa tsawon minti 15, a garzaya asibiti, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah Ya ba mu zaman lafiya.