Yawo, Ziyara da Dutsen da Ya Daina Amai

A Bagwai in aka ce wane mai yawo ne, ba yabonsa aka yi ba. Mutum kan bar gida don fatauci, ko ci-rani bayan hatsi ya shiga rumbu, ko neman karatu, ko sada zumunci. Abin da ya fita daga waɗannan, yawon banza ne. Ina jin shi ya sa da aka zo raɗa wa al'adar nan suna, ta a cika mota a biya kuɗi a zaga da mutane bakin teku da kan tsaunuka, sai aka ƙara wa yawo uzuri, aka ce yawon buɗe ido. Uzurin ma bai wanke shi tas ba, don in aka ce idon yaro ya buɗe, ba kullum iyaye ke murna ba.

Kalmomin tafiyar taro kuwa namu ne tun kaka da kakanni. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro a ayari suke tafiya, madugu ke shugabanta, jagaba na gaba yana duba hanya, inda aka yada kaya a kwana shi ne zango. Mai riƙe da lasifika a gaban bas yana nuna wa fasinjoji wurare jagaba ne, ko da yake 'yan siyasa sun riga mu karɓe sunan.

Alhazan Bagwai sun sha yin irin wannan tafiya, sai dai ba wanda zai yarda a kira ta yawo. Ziyara ce. Sun ga Jidda a gaɓar Bahar Maliya, kuma gaɓa ɗin nan ita ce dai wadda suka sani a bakin dam ɗin Watari, aka ara wa teku. An ɗora su a bas a Madina zuwa Uhudu da Ƙuba da Ƙiblataini. A hanyar Makka sun wuce filayen baƙaƙen duwatsu masu kaushi, waɗanda Larabawa ke kira harra. Narkakken dutse ne da ya daskare. A shekarar 1256, wato 654 bayan Hijira, ƙasa ta tsage a Harrat Rahat, wuta ta yi makonni tana malala har ta doshi Madina. Alhaji zai dawo ya ce ya ga baƙin dutse, ba zai ce ya ga dutse mai aman wuta ba, kuma da gaskiyarsa, tunda bai ga amai ba.

Nan sunan ya gaza. Dutse mai aman wuta ya dace da Dutsen Kamaru, wanda ambaliyarsa ta datse hanyar bakin teku kusa da Limbe a 1999. Amma suna ne na aiki, da aikin ya tsaya sai ya faɗi. Tafkin Tila da ke yankin Biu a Borno bakin irin wannan dutse ne da ruwa ya cika, mu kuwa tafki kawai muke ce masa. Duwatsun Riruwai a Doguwa, nan cikin jihar Kano, saiwar wani ne da ya mutu fiye da shekara miliyan 150 da suka wuce, iska da ruwa suka cinye kansa. Da kuza aka san Riruwai, kuma kuzar daga wancan narkakken dutsen ta fito. Malamin da ya kai ɗalibai can zai iya ce musu tsohon bakin wuta ne, su gane, ba tare da sun tsaya jiran hayaƙi ba.