Binciken bin sawun matasa daga lakwal zuwa aiki: yadda ake yin sa da abin da ya gano

Kowace shekara idan aka faɗi sakamakon jarrabawar BEPC da ta BAC, muna jin adadin waɗanda suka ci da waɗanda suka faɗi. Daga nan kuma sai labari ya yanke. Wane ne cikinsu ya samu aiki, kuma bayan wata nawa? Wane ya koma gona, wane ya shiga kabu-kabu, wace aka yi wa aure, wane ya tafi biɗa Legas ko Libiya? Hanyar da masana ke bi don amsa waɗannan tambayoyi ita ce binciken bin sawu: a zaɓi wasu matasa tun suna ƙanana, a rubuta sunayensu, a riƙa komawa wurinsu, su ɗin dai, shekara bayan shekara har su girma su yi iyali.

Bambancinsa da ƙidaya

Ƙidayar jama'a, irin wadda aka yi a Nijar a 2012 aka samu mutum sama da miliyan 17, tana faɗin halin da ake ciki ranar da aka yi ta. A ce a wani gari an ƙirga samari 100 aka tarar 20 ba su da aiki, bayan shekara uku aka sake ƙirgawa aka kuma tarar da 20. To su wane ne waɗannan ashirin ɗin? Idan na farkon ne har yanzu ke zaune, akwai wasu da hanya ta toshe musu ke nan, kuma su ya kamata a nema a taimaka. Idan kuwa wasu ne dabam, to kowa na ɗan zama kafin ya samu abin yi, maganin wannan kuma dabam ne. Ƙidaya biyu ba za su raba wannan gardama ba, sai an bi mutum guda an ga inda ya fito da inda ya nufa.

Yadda ake gudanar da shi

Da farko ana zaɓen matasan ta hanyar ƙuri'a, don kada a ɗauki ɗiyan masu hali kaɗai ko na bakin titi kaɗai. A zuwan farko ana tambayar ajin da yaro yake, sana'ar uwaye, abin da gida ya mallaka da lafiyarsa, wani lokaci har a gwada karatunsa da lissafi. Ana kuma rubuta lambar salula da sunayen dangi biyu ko uku da za su san inda yake idan ya tashi.

Bayan shekara ɗaya, biyu ko uku sai masu anket su dawo. Nan ne ake bi wata-wata: yaushe ka bar lakwal, me ka yi da damina, me ka yi da rani, wa ya koya maka sana'a, nawa kake samu, yaushe aka yi aure. Babbar wahalar aikin ita ce ɓacewar mutane. Waɗanda ke ɓacewa kuwa galibi matafiya ne da matan da aka kai gidan miji wani gari. Idan aka bar su, sakamakon zai zama labarin waɗanda suka zauna gida kawai.

Amurka da Faransa

Ma'aikatar ƙwadago ta Amurka ta soma irin wannan bincike tun 1966. Wanda ya fi suna shi ne na 1979, da aka ɗauki matasa 12,686 masu shekara 14 zuwa 22. Har 1994 kowace shekara ake zuwa wurinsu, daga baya aka mayar da shi shekara bibbiyu, aka bi su sama da shekara 40. An gano cewa a matsakaicin lissafi kowannensu ya yi aiki wuri sama da 12 a rayuwarsa, kuma kusan rabin waɗannan ayyuka tsakanin shekara 18 da 24 aka yi su. Kun ga ke nan ko a ƙasa mai arziki, matashi sai ya yi ta shiga da fita kafin ya zauna wuri guda.

A Faransa, wadda tsarin lakwal ɗinmu ya samo asali daga nata, wata cibiya mai suna Céreq da ke Marseille ce ke wannan aiki. Waɗanda suka bar karatu a 1998 an tambaye su a 2001, 2003, 2005 da 2008. Abin da ke fitowa a kai a kai shi ne, wanda ya fita ba difloma ko ɗaya a hannunsa shi ya fi daɗewa cikin zaman kashe wando.

Kenya: daga maganin tsutsar ciki zuwa albashi

A Afirka, binciken da aka fi ambata shi ne na Busia, a yammacin Kenya kusa da iyakar Yuganda. A 1998 aka soma ba ƴan firamare maganin tsutsar ciki a makarantu 75 masu ɗalibai sama da 30,000. Da yake ba a iya ba kowa lokaci guda, sai aka kasa makarantun kashi uku: wasu suka soma a 1998, wasu a 1999, sauran a 2001. Wannan ya ba masana biyu, Michael Kremer da Edward Miguel, damar kwatanta yaran da suka riga samu da waɗanda suka makara. Sakamakon farko ya nuna fashin zuwa lakwal ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, alhali kuɗin maganin bai kai dalar Amurka guda ba ga kowane yaro a shekara.

Daga 2003 aka zaɓi kusan yara 7,500 cikinsu aka shiga bin sawunsu. Wasu sun koma Nairobi, wasu Mombasa, wasu sun tsallaka Yuganda. Dabarar da aka yi ita ce, bayan an gama da masu sauƙin samu, sai a yi ƙuri'a cikin waɗanda suka ɓace, a zaɓi wani kashi a zuba kuɗi da lokaci wajen neman su duk inda suke, su tsaya a madadin sauran. Da haka, bayan shekara 20, aka iya ba da labarin kusan kashi 84 cikin ɗari.

Rahoton da ya fito a 2021 ya ce waɗanda suka samu ƙarin shekara biyu zuwa uku na magani, abin da suke samu a awa guda ta aiki ya ɗara na sauran da kusan kashi 13 cikin ɗari, abin da suke kashewa a gida kuma da kusan kashi 14. Sun kuma fi zama birni da yin ayyukan da ba noma ba. Akwai masana da suka yi gardama kan girman wannan amfani, kuma muhawarar ta yi zafi a 2015. Sai dai ba don an bi yaran ba, da babu ma abin da za a yi gardama a kansa. Shi Kremer yana cikin mutum uku da aka ba kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019, tare da Esther Duflo da Abhijit Banerjee.

Gana: shin sakandare na biyan wahalarta?

Wannan tambaya ce da kowane uba ke yi ranar da yaro ya ci jarrabawa kuma babu kuɗin ci gaba. A 2008 a Gana, Esther Duflo da Pascaline Dupas da Kremer sun nemo matasa 2,064 da suka samu gurbi a babbar sakandare, kwatankwacin lise a wajenmu, amma rashin kuɗi ya hana su shiga. Aka yi ƙuri'a, 682 suka samu tallafin karatu. Don kada a rasa kowa, an ba kowane matashi salula, ana kuma aika masa ɗan kati lokaci-lokaci.

Cikin kowane mutum 100, waɗanda suka gama sakandare a ɓangaren masu tallafi sun fi na ɗaya ɓangaren da kusan 27. Sun fi iya karatu da lissafi, sun fi kula da lafiyarsu, ƴan matan kuma sun jinkirta haihuwa. Amma a wajen samun kuɗi labarin ya rabu biyu. Bayan sama da shekara goma, mata ne aka ga ribarsu a fili, galibi saboda sun samu shiga aikin gwamnati kamar koyarwa da aikin asibiti. Ga maza, a lokacin ba a ga wani bambanci mai yawa ba. Dalili shi ne guraben aikin gwamnati ƙididdigaggu ne, masu difloma kuwa kullum ƙaruwa suke. Gana ta mayar da babbar sakandare kyauta a 2017, kuma wannan bincike na cikin abin da ake dubawa idan ana maganar ribar tsarin.

Tanzaniya: waɗanda suka tafi

Ƴan'uwa na ƙasashen waje, wannan ɓangaren naku ne. A yankin Kagera na arewa maso yammacin Tanzaniya, an yi anket a gidaje kusan 900 tsakanin 1991 da 1994. A 2004 aka koma neman duk wanda ke cikin gidajen nan, har da yaran da suka girma suka watse. Gidaje 900 sun zama sama da 2,700. Da aka yi lissafi, talauci ya ɗan ragu ga waɗanda suka zauna ƙauyensu, amma ga waɗanda suka bar yankin ya ragu nesa ba kusa ba. Da masu binciken sun tsaya ƙauyukan farko kawai, da sun ce talauci ya ragu kaɗan kawai cikin shekara goma sha uku. Wannan bai nuna kowace tafiya alheri ce ba, domin ba kowane matafiyi aka samu ba, kuma zuwa Darussalam ba ɗaya yake da ratsa hamada ba. Abin da ya tabbatar shi ne, lissafin da ya bar matafiya a waje gurgu ne.

A nan gida Nijar

Hukumar ƙididdiga ta ƙasa INS, tare da Bankin Duniya, ta yi anket kan rayuwar gidaje da noma a 2011 a gidaje kusan 4,000, ta kuma koma waɗannan gidajen a 2014. Wannan bin sawu ne, sai dai gida ake bi, ba ɗaliban da suka bar lakwal ba. A 2017 an yi wani kan aiki da ƙananan sana'o'i a ƙasashen UEMOA, har da Nijar, shi kuma zuwa guda ne. Ƙungiyar ƙwadago ta duniya OIT ta yi nata a ƙasashe sama da 30 tsakanin 2012 da 2016, ciki har da Benin da Togo, inda ake tambayar masu shekara 15 zuwa 29 su tuno hanyar da suka bi. A lissafin OIT, matashi ya isa ne idan ya samu aiki tsayayye, ko kuwa sana'ar kansa da shi ya ce ta wadatar da shi.

Ƙasar da kusan rabin mutanenta ba su kai shekara 15 ba tana da buƙatar irin wannan sani, amma sai an daidaita shi da rayuwarmu. Matasa da yawa ba su taɓa shiga lakwal ba, ko sun fita kafin CM2. Makarantar allo suka yi, ko koyon ɗinki, walda da gyaran babur wajen maigida. Binciken da ya soma daga rajistar lakwal ba zai gan su ba. Shi ya sa wasu ke somawa daga gida, kamar shirin Young Lives na jami'ar Oxford, wanda a 2002 ya soma bin yara 12,000 a Habasha, Indiya, Peru da Biyetnam. Haka kuma tambayar "kana da aiki?" ba ta isa ga saurayin da ke noma da damina, ya tafi ci-rani Kano ko haƙar zinariya Jado da rani, ya dawo kafin shuka. Aikin mace a gida da gona, da ƙuli-ƙuli ko ƙosan da take sayarwa, shi ma sai an tambaye shi da sunansa kafin ya shiga lissafi.

Idan masu anket suka zo

Ku nemi ganin takardar shaidarsu, ku tabbata maigari ko mai unguwa ya san da zuwansu. Mai anket na gaskiya ba ya karɓar ko dala, kuma rubuta sunanka ba rajistar taimako ba ce, don haka rage abin da kake samu ko ƙara shi ɓata lissafi kawai yake. Ƙa'idar aikin ita ce ba a fitar da sunan kowa cikin rahoto, kuma wanda bai so amsawa ba a tilasta masa a irin wannan bincike na bin sawu. Idan yaron da ake nema ya yi tafiya, ku fara tambayarsa kafin ku ba da lambarsa. Ku kuma da ke Abijan, Legas, Tamanrasat ko Tarabulus, idan gida sun sanar da ku za a kira, kuka tabbatar da gaskiyar masu kiran, ku ɗauki wayar ku faɗi abin da ke akwai, mai daɗi da marar daɗi.