Ɗaliban da aka harbe saboda harshensu: asalin ranar 21 ga Fabrairu

1/ Ina aji uku a jami'a aka sa ni cikin kwamitin bikin Ranar Harshen Uwa ta Duniya, wanda za a yi a zauren laburare. Aikina kawai in rubuta tarihin ranar, shafi ɗaya, a manna a allo. Shafi ɗayan nan ne ya hana ni barci. Ku biyo ni. 🧵

2/ Gaskiya ni laburare sai jarrabawa ta matso nake shiga, ko in je cajin waya. A tunanina 21 ga Fabrairu rana ce ta sa kayan gargajiya, a ci dambu, a yi gasar karin magana, a ɗau hoto, a watse.

3/ Na tambayi wani dattijo ma'aikacin laburaren. Ya ce, "Ɗana, ka san Bangladesh?" Na ce, "Baba, sai dai a labarai." Ya kai ni sashen tarihi, ya zaro littafi, ya ce in zauna. Ga abin da na karanta, da wanda na ƙara bincikowa daga baya.

4/ A 1947 Turawan Ingila suka bar Indiya, aka raba ta biyu: Indiya da Pakistan. Ita Pakistan ɗin kanta gida biyu ce, Gabas da Yamma, Indiya na tsakiya, nisan fiye da kilomita 1,500. Musulmi ne suka fi yawa a duka ɓangarorin, amma harshe ba ɗaya ba.

5/ Mutanen Gabas sun haura rabin al'ummar ƙasar, kuma Bangali ne harshensu. Amma mulki yana Karachi, a Yamma. Aka buga kuɗi da kan sarki da takardun gwamnati da Urdu da Turanci, babu Bangali. Har a jarrabawar shiga aikin gwamnati aka cire shi.

6/ Ka sa kanka a matsayin ɗalibin lokacin. Ka gama karatu, sai a ce harshen da aka haife ka da shi ba zai sama maka aiki ba. Ka ga maganar ta wuce son harshe, ta taɓa tuwo.

7/ Ranar 21 ga Maris 1948, Muhammad Ali Jinnah, uban ƙasar, ya faɗa a Dhaka cewa Urdu kaɗai ne zai zama harshen hukuma. Bayan kwana 3 ya maimaita a bikin yaye ɗaliban Jami'ar Dhaka. Ɗalibai suka ɗaga murya a gabansa cewa ba su yarda ba.

8/ A Janairun 1952 Firayim Minista Khawaja Nazimuddin, wanda shi ma ɗan Dhaka ne, ya sake jaddada maganar. Aka sa ranar yajin aiki, 21 ga Fabrairu. Ana gobe gwamnati ta kafa dokar hana taro, Sashe na 144.

9/ Da safe ɗalibai suka taru a harabar jami'a, suka yanke shawarar karya dokar. Suka riƙa fita rukuni-rukuni. 'Yan sanda suka watsa barkonon tsohuwa, suka kama wasu. Da rana, kusa da ɗakunan kwanan ɗaliban kwalejin likitanci, aka buɗe wuta.

10/ Aka kashe Abul Barkat, ɗalibin digiri na biyu, da Rafiquddin Ahmed, da Abdul Jabbar, wanda surukarsa ya kawo asibiti. Abdus Salam, masinja a ofishin gwamnati, ya rasu a Afrilu sakamakon rauni. Ranar 22 aka kashe Shafiur Rahman. Allah Ya jiƙansu.

11/ Daren 23 ga wata ɗaliban likitanci suka gina hasumiyar tunawa da su, kafin gari ya waye an gama. Ranar 26 aka rushe ta. Daga baya aka gina babba, aka buɗe a 1963. Sunanta Shahid Minar, wato hasumiyar shahidai.

12/ A 1956 tsarin mulkin Pakistan ya karɓi Bangali tare da Urdu. Amma zukata sun riga sun ɓaci. A 1971, bayan yaƙi mai muni, Gabas ta ɓalle ta zama Bangladesh, ma'ana ƙasar Bangal.

13/ To ya aka yi ranar ta zama ta duniya? A 1998 wani ɗan Bangladesh mazaunin Vancouver a Kanada, Rafiqul Islam, ya rubuta wa Kofi Annan wasiƙa. Gwamnatin ƙasarsu ta kai maganar UNESCO, aka amince a Nuwamban 1999, aka fara bikin a 2000.

14/ Abin da ya fi taɓa ni: ba su tsaya a kuka da furanni ba. A 1955 suka kafa cibiyar raya harshensu, Bangla Academy. Har yau watan Fabrairu a Dhaka watan kasuwar baje kolin littattafai ne, don tunawa da waɗancan matasa.

15/ Da na gama, na je kantar littattafan Hausa. Ga Ruwan Bagaja, ga Magana Jari Ce, ga Shaihu Umar, duk ƙura. Na duba takardar aro a bangon ɗaya, rabon da a are shi shekaru. Wallahi kunya ta kama ni, don ni ma ban taɓa ba.

16/ Mu ba a harbe mu a kan Hausa ba. An bar mana gadon ajami, an bar mana Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939. Amma mu nawa ne ke bambance baki da baƙi in muna rubutu?

17/ Ranar bikin aka jera tebura: Hausa, Fulatanci, Barbarci, Nufanci, Yarbanci, Ibo, Larabci, Faransanci, kowa da littattafansa. A ƙarshen layi akwai tebur ɗaya da ba littafi ko ɗaya, sai sunan harshe a kwali.

18/ Wata 'yar ajinmu ce daga kudancin Bauchi. Ta ce min, "Malam, na duba laburaren nan kaf, babu komai da yarenmu. Kakata na ji, ni ina ɗan ji, ƙannena Hausa kawai suka iya." Na yi shiru.

19/ Duk karatun da na yi, ina ganin mu ne Bangali a labarin. Ashe a wasu gidajen Hausa ce ke zaune inda Urdu ta zauna. Ba bindiga, ba doka, amma harshe yana tafiya a hankali. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

20/ Bana in za ku yi bikin, ku sa kayan, ku ci dambun. Amma ka shiga laburare ka ari littafi ɗaya na harshenka, ka karanta. In harshenka ba shi da littafi, ɗauki waya ka naɗi hirar kakarka tun tana da rai.

21/ Wane harshe ake yi a gidanku, kuma ƙannenka suna ji? Ku faɗa min a ƙasa. Ku yaɗa ya kai ga wasu.